Maɓallin "Soke" da ba ya sokewa: kundin aikin makonni bakwai

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Matsala ɗaya ce ta sa na buɗe wannan kundi, kuma tun bara take addabata. Akwai manhajar da na rubuta wa wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a sari, shaguna uku a Kano, wadda ke aika duk cinikin da aka yi ta intanet zuwa saba, wato kwamfutar nesa da ke ajiye bayanan. Da C++ na rubuta ta, fuskarta Qt, kuma duk maganar da take yi da saba tana bi ne ta wani ɗan laburare (tarin ayyuka da manhaja ke kira) da na gina a kan libcurl, ko curl a taƙaice, kayan aikin aika buƙata ta intanet da karɓo amsa. Idan sabis na da kyau ba wanda ke tunawa da shi. Amma sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki, sai allo ya tsaya yana juyi, yaron shago ya yi ta danna "Soke" ba abin da ya motsa, ga mai saye a tsaye da kuɗi a hannu.

Ga yadda abin yake. Manhajar na da zaruruwan aiki fiye da ɗaya, kowanne na tafiya da nasa. Fuska na da zarenta, shi ke jin dannawar maɓalli. Buƙatar da za a aika kuwa wani zare ke ɗauka, ya kira curl_easy_perform, shi kuma wannan ba ya dawowa sai aiki ya kammala ko ya lalace. Wa'adin da curl ke jira kafin ya haƙura da haɗuwa, in ba ka saita naka ba, daƙiƙa 300 ne, minti biyar cur. Na aikin gaba ɗaya kuma babu wa'adi sam. Maɓallin da na sa bara ba ya iya taɓa buƙatar, tana nan a rataye a baya.

Abin da nake so: aiki guda mai suna soke, wanda kowane zare zai iya kira, buƙata ta tsaya cikin ƙiftawar ido, ba tare da manhaja ta mutu ba. Na yi wa Alhaji alkawarin gamawa kafin azumi, don a lokacin ne shagunan ke cika.

Laraba, 8 ga Janairu

Na kafa wurin gwaji. Na kama hayar ƙaramar saba, dala 6 a wata, na ɗora nginx mai karɓar buƙatu da PostgreSQL mai ajiye bayanai, irin na ainihi. A kwamfutata kuma tc netem ke ƙara jinkiri da zubar da fakiti (gutsattsarin bayanan da ke tafiya a layi), iptables na haɗiye su gaba ɗaya in ina son kwaikwayon ɗaukewar sabis.

Asabar, 11 ga Janairu

Gwaji biyu, duka sun faɗi, na biyun ya tsorata ni.

Da farko na kira curl_easy_cleanup daga zaren fuska a kan mariƙin (abin da curl ke riƙe buƙata ɗaya da shi) da ɗaya zaren ke amfani da shi. Nan take manhaja ta mutu. Takardun curl sun faɗa ƙarara cewa mariƙi ɗaya ba ya zama a hannun zare biyu lokaci guda, na sani, amma na so in gani da idona.

Sai na ce to, bari in bar mariƙin, in rufe soket ɗin da ke ƙarƙashinsa, wato ƙofar da bayanai ke fita da shiga ta layi. Na kama lambarsa lokacin da curl ke buɗe shi, da aka danna maɓalli na kira close a kanta. Abu na farko, a Linux rufe soket daga wani zare ba ya tada wanda ke barci a kansa, don haka jiran bai ragu ba. Abu na biyu shi ne mugun. Bayan gwaji wajen ashirin, fayil ɗin da manhaja ke rubuta bayanan aikinta ya daina karɓar rubutu. Na kai la'asar ina nema kafin na gano. Ƙa'idar POSIX, wadda Linux ke bi a nan, ita ce duk wanda ya buɗe fayil a ba shi mafi ƙanƙantar lambar da ba kowa a kai. Na rufe lamba 9, wani zare ya buɗe fayil ɗin bayanai aka ba shi 9, curl kuma bai san an yi ba, da ya gama ya zo ya rufe 9 ɗinsa, ya rufe wa wani. Da fayil ɗin rumbun bayanan SQLite da ke riƙe cinikin ranar ne ya faɗa wannan lamba, da labari ya sha bamban. Masu SQLite ma sun lissafa irin wannan cikin hanyoyin da rumbun bayanai ke lalacewa.

Kiran shutdown maimakon close yana tada mai barci kuma ba ya sakin lambar, amma sai na tabbata curl bai riga ya rufe soket ɗin ba a daidai wannan lokaci, kuma daga waje ba ni da wannan tabbaci. Na goge komai. Daga yau ba zan sake taɓa kayan wani zare ba. Mai riƙe da abu shi zai ajiye, nawa in sanar da shi.

Talata, 14 ga Janairu

Hanyar da curl ya amince da ita. Akwai CURLOPT_XFERINFOFUNCTION, tun fitowa ta 7.32.0: ka ba curl wani aiki naka, yana tafiya yana kiransa don ya gaya maka inda aka kai. In ka mayar masa da 1, sai ya dakata ya fito da kuskure mai lamba 42, CURLE_ABORTED_BY_CALLBACK. Sai an sa CURLOPT_NOPROGRESS a sifili, in ba haka ba ba zai kira ba ko sau ɗaya, wannan ya ci min rabin awa. Zaren fuska ya ɗaga tuta, aikin nawa ya duba tutar, shi ke nan.

Ya yi aiki. Karon farko ke nan da maɓallin ya soke wani abu da gaske.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na auna. Idan bayanai na gudana, sokewa nan take ce, don curl na kiran aikin sau da yawa. Idan layi ya yi shiru kuwa, wato daidai lokacin da mutum ke buƙatar sokewa, sai kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Na leƙa cikin curl na ga dalili: curl_easy_perform kansa yana zagaye ne yana jiran motsi a soket har milidaƙiƙa 1000 kafin ya farka.

Daƙiƙa ɗaya ba komai ba ce ga aika ciniki. Amma akwai akwatin neman kaya, inda yaro ke rubuta "sukari" manhaja na tambayar saba a kowane harafi, kowace sabuwar tambaya na soke ta baya. A nan zare shida ne ke tsaye suna jiran farkawa saboda kalma ɗaya. Ban gamsu ba.

Juma'a, 17 ga Janairu

Babu wuta tun asuba, ƙurar hunturu ta rufe faifan sola. Fetur lita biyar, kusan naira 5,000. Karatun takardun curl kawai na yi.

Litinin, 20 ga Janairu

Na yanke shawarar sake ginin daga tushe a kan ɓangaren curl da ake kira multi. Zare ɗaya tak zai riƙe duk buƙatu, na sa masa suna mai gadi. Shi kaɗai ke taɓa curl. Yana zagaye: ya kira curl_multi_perform ya tura aiki gaba, ya karanta waɗanda suka gama, ya kwanta a curl_multi_poll har wani abu ya motsa. Duk wanda ke son aika buƙata ko soke ta, sai ya rubuta saƙo ya sa a layi ƙarƙashin makulli, wanda ke hana zare biyu taɓa layin lokaci guda, ya kira curl_multi_wakeup. Wannan kiran an yi shi ne musamman don a yi shi daga wani zare, ya zo a 7.68.0 cikin Janairun 2020, bayan curl_multi_poll da ya zo a 7.66.0. Abin da ya fi burge ni, ko mai gadi bai kwanta ba lokacin da aka tada shi, kiran ba ya ɓata, kwanciyarsa ta gaba ce za ta katse nan take. Da ya farka ya ga saƙon sokewa, sai ya kira curl_multi_remove_handle, aikin ya tsaya a inda yake.

Daniel Stenberg da mutanensa sun fi shekara ashirin da biyar suna renon curl, tun 1998, kuma sai a 2020 wannan ɗan kiran ya shigo. Kafin nan kowa da dabararsa yake.

Yau kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Shagunan nan da data suke aiki, kuma jerin kaya da hotunansu da ke ci gaba da sauka bayan an danna "Soke" kuɗin Alhaji ne ke tafiya.

Laraba, 22 ga Janairu

Rubutu kawai. Layin saƙo da zagayen mai gadi sun tsaya.

Asabar, 25 ga Janairu

Sokewa yanzu ba ta kai milidaƙiƙa biyar ba a kwamfutata, ko da layi ya mutu murus. Amma kurakurai uku suka fito.

Na ɗaya: buƙatar da aka cire da hannu ba ta fitowa cikin curl_multi_info_read, curl ba zai ce maka ta gama ba. Mai jiran amsa sai ya yi ta jira har abada. Dole ni ne zan sanar da shi.

Na biyu: rige-rige tsakanin gamawa da sokewa. Amsa ta iso, mai gadi ya share buƙatar, a daidai lokacin saƙon sokewa na cikin layi ɗauke da adireshin abin da aka riga aka share. Yanzu kowace buƙata lamba gare ta da ba a maimaitawa, saƙo lamba yake ɗauka, in mai gadi ya duba bai same ta ba sai ya wuce. Sokewar abin da ya gama ba laifi ba ce, ba ta dai yin komai.

Na uku ya fi cin lokaci. Ina kiran aikin da ke karɓar amsa alhali makullin layi na hannuna, shi kuma aikin, a akwatin neman kaya, yana kiran soke a kan wata buƙata, wadda ita ma makullin take nema. Zare ya tsaya yana jiran kansa. Gyaran: mai gadi ya kwashe saƙonni gaba ɗaya, ya saki makulli, sannan ya fara aiki a kansu. Na kunna ThreadSanitizer, mai gano rikicin zaruruwa, ya kama min wata tuta da na bari ba ta std::atomic ba. An gyara.

Talata, 28 ga Janairu

Gwajin dare: buƙatu 50,000, ana soke su a lokutan da ba a tsara ba daga zare takwas. Kowace ta sami amsa sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. Alhamdu lillahi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na kai shago na farko, na cire wayar da ke ba kwamfuta intanet, na danna neman kaya, na soke. Komai ya daskare kusan daƙiƙa goma. Ba wannan buƙata kaɗai ba, har sauran, don mai gadi ne kansa ya maƙale.

A gida ban taɓa ganin haka ba saboda fakitin da ke zuwa saba kawai nake toshewa, neman suna, wato DNS mai mayar da sunan saba zuwa adireshinta, na tafiya lafiya. A shago kuwa DNS ne ya mutu. Irin curl ɗin da Ubuntu (nau'in Linux ɗin da ke kwamfutocin shagunan) ke bayarwa yana tura neman adireshi zuwa wani ƙaramin zare da ke kiran getaddrinfo, kuma wannan kiran ba shi da hanyar katsewa. In ka cire mariƙi ana cikin nema, curl sai ya tsaya ya jira zaren ya dawo don kada ya bar shi yana rubutu a inda aka share. Tsarin asali na glibc, laburaren da getaddrinfo ke ciki, jiran daƙiƙa 5 ne sau biyu, ga goman nan.

Na zauna a bakin shagon na lissafa mafita. Akwai CURLOPT_QUICK_EXIT daga 7.87.0, amma na manhajar da ke shirin fita ne gaba ɗaya, kuma kwamfutocin ba su kai wannan fitowa ba. Akwai gina curl da c-ares, wani laburaren neman adireshi wanda nemansa na katsewa, sai dai zan ɗauki nauyin raba curl nawa da bin gyare-gyaren tsaronsa har abada. Na uku, in nemi adireshin da kaina. Saba ɗaya muke magana da ita, suna ɗaya. Zare na musamman zai nemi adireshi lokaci-lokaci ya ajiye, in miƙa wa curl ta CURLOPT_RESOLVE, shi kuma ba zai taɓa zuwa DNS ba. Buƙatar da ta zo babu adireshi tukuna tana zama a layina, inda sokewa ba ta da wuya. Binciken takardar shaidar TLS, tsarin da ke tsare layi, bai canza ba, don har yanzu da sunan ake kira. Na ukun na ɗauka. Ba zai dace da laburaren da ke magana da duniya duka ba, amma nawa ba shi ba ne.

Kuɗin Keke zuwa da dawowa, da data da na ƙone a gwaji, wajen naira 3,000.

Talata, 4 ga Fabrairu

Zaren neman adireshi ya kammala. Na ƙara toshe DNS cikin gwaje-gwajen da ke gudana kullum. Na kuma sa wa'adin haɗuwa daƙiƙa 10, da CURLOPT_NOSIGNAL da ya kamata a ce tun farko yana nan.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Shago na uku, manhaja ta ƙi tashi. Tsohuwar kwamfutarsu na kan Ubuntu 18.04, curl ɗinta 7.58.0, ba ta san curl_multi_wakeup ba. Sauran biyun 20.04 da 22.04 ne, masu 7.68.0 da 7.81.0, ta farkon ta tsallake da ƙyar. Na rubuta mata hanyar da: curl_multi_wait na karɓar ƙarin abin jira, sai na ba shi bakin wani bututu, mai son tada mai gadi ya rubuta harafi ɗaya a ɗaya bakin. Layi talatin. Na gaya wa Alhaji kwamfutar na buƙatar sabuntawa tunda tallafin 18.04 na kyauta ya ƙare tun 2023, ya ce bayan Sallah.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Wannan ranar ce ta fi kowace nauyi, kuma ba a cikin zare matsalar take ba.

Da magariba Alhaji ya kira. Ya ce, "Malam, lissafin yau bai daidaita ba. Katan goma na taliya aka fitar, kwamfuta ta ce ashirin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa isha'i."

Na buɗe bayanan nginx. Ga cinikin nan sau biyu, tsakaninsu daƙiƙa goma sha ɗaya. Na farkon na ɗauke da lamba 499, wadda nginx ke rubutawa idan mai buƙata ya katse kafin a ba shi amsa. Wato buƙatar ta isa saba, an rubuta cinikin a rumbu, amsar ce ta maƙale a hanya. Yaron ya ga shiru ya danna "Soke", allo ya ce masa "An soke", ya yarda da allo ya sake aikawa. Na kira yaron na tambaye shi, muryarsa na rawa, ya ɗauka shi za a ɗora wa. Na ce masa, "Kwantar da hankalinka, abin da allo ya gaya maka ka bi. Allon ne ya faɗi abin da bai sani ba." Na maimaita wa Alhaji haka a gaban yaron washegari.

Wata guda ina ƙoƙarin sa sokewa ta yi sauri, ban tsaya na tambayi me kalmar ke alkawarta wa mai dannawa ba. Abin da laburare ke iya yi shi ne ya daina jira ya katse layi. Abin da ya riga ya isa wancan gefen ba ya dawowa, kamar wasiƙar da mota ta riga ta ɗauka. Da can da maɓallin ba ya aiki, yaran kan jira dole, amsa ta iso daga baya. Saurin da na kawo ne ya buɗe wannan ƙofa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Gyara biyu. A laburare, sokewa yanzu iri biyu ce. In buƙata ba ta bar layina ba, ko ba a kai ga aika komai ba, amsar ita ce "an soke, ba a aika ba". In ko harafi ɗaya ya fita, amsar ita ce "an daina jira, ba a san sakamako ba". Inda nake shakka, ta biyun nake bayarwa. Na ƙi barin mai amfani da laburaren ya haɗe su wuri ɗaya, dole ya rubuta abin da zai yi a kowanne.

A saba kuma, kowane ciniki na samun lambar UUID, lambar shaida tasa shi kaɗai, tun a shago, lokacin da aka buɗe shi, ba lokacin aikawa ba. PostgreSQL ba ya yarda lamba ɗaya ta shiga sau biyu. In ta sake zuwa, saba ta mayar da amsar farko kamar yanzu aka yi. Yaro ya aika sau goma, katan goma ne.

Rubutun allo ma ya canza: "An daina jira. Mai yiwuwa cinikin ya shiga. Sake aikawa, ba zai ninka ba." Na karanta wa yaran shago biyu kafin na sa, ɗaya ya ce in cire wata kalma da na fara sawa don ba a faɗinta a kasuwa, na cire.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na bi cinikin makon nan duka ina neman wasu tagwaye. Guda ɗaya na ƙara samu, buhun sukari biyu. An gyara a littafi.

Talata, 18 ga Fabrairu

Akwatin neman kaya na jan ƙafa a shago duk da sokewa na da sauri. A HTTP/1.1, ƙa'idar da manhaja da saba ke magana da ita, ba yadda za a yi ka bar amsa a rabi ka ci gaba da amfani da layin, dole curl ya rufe shi. Kowane harafi ke nan sai sabuwar gaisuwar TCP da ta TLS, a kan sabis da zuwa da dawowa ɗaya kan ci rabin daƙiƙa in rana ta yi. Na kunna HTTP/2 a nginx. A can buƙatu da yawa na tafiya a layi ɗaya, soke ɗaya saƙon RST_STREAM ne kawai, layin na nan. Tun 7.62.0 curl ke zaɓar HTTP/2 da kansa a kan TLS, don haka shaguna biyu sun amfana ba tare da na taɓa komai ba, tsohuwar kwamfutar ce sai da na saita mata da hannu. Na kuma sa akwatin ya jira milidaƙiƙa 250 bayan harafin ƙarshe kafin ya tambaya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Rufe manhaja ana cikin aiki: mai gadi na soke duk abin da ke hannunsa, ya sanar da kowa, sannan ya fita. Zaren neman adireshi ba a jiransa. Gwajin dare ya wuce lafiya.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Shagunan uku na kan sabon gini tun Asabar. Lissafin kwana biyu ya daidaita, 499 na fitowa a bayanan saba amma ba tagwaye. Abin da aikin ya ci daga aljihuna: hayar saba wata biyu dala 12, fetur da data da zirga-zirga wajen naira 30,000.

Ana sa ran azumi ƙarshen makon nan, don haka ba zan ƙara taɓa komai a shago ba sai bayan Sallah. Abin da ke jira: cinikin da ya tsaya a "ba a san sakamako ba" manhaja ta riƙa tambayar saba da kanta in sabis ya dawo, ba sai yaro ya tuna ba. Sai sanar da saba ta dakatar da dogon rahoton wata idan mai nema ya tafi, don yanzu tana ci gaba da lissafi ba mai karɓa. In an sabunta tsohuwar kwamfutar kuma, layi talatin na bututu za su fita.